Rijiyar Wakafi da Kayan Mutane

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, marubuci ne amma ba mawallafi ba. Sana'arsa ita ce ya ɗauko littafin da wani malami ya wallafa tun zamanin da, ya shimfiɗa buzu a zaure, ya feƙe alƙalami, ya sake rubuta shi da hannu ga wanda ya ba shi aikin. Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Ishiriniya da waƙoƙin wa'azi na ajami duk sun bi ta hannunsa. Baƙar tawada ta baƙaƙe, ja ta wasali. In ya kai ƙarshe sai ya rubuta sunan mai littafin, ya sa nasa a ƙasa, ya roƙi duk wanda ya karanta ya yi musu addu'a su da iyayensu. Bai taɓa aikawa neman izinin kowa ba, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce abin da yake ci haram ne ba.

Ni na gaje shi ta wata fuska. Ina da shago kusa da wata babbar makaranta, da injin kwafi da kwamfuta. Abin da yakan kwashe wata guda yana yi, injina kan gama shi kafin mu ƙare gaisawa da mai aikin. Saboda haka maganar kwafar aikin wani ba da izininsa ba, da tura fim ko waƙa ko littafi daga waya zuwa waya, ba a jarida na fara cin karo da ita ba. Kullum takan zo ta tsaya a bakin kantata da takarda ko memori a hannu, kuma abincin iyalina yana cikinta.

Masu cewa babu laifi ba jahilai ba ne, hujjarsu kuma ba ta wasa ba ce. Sata a fiƙihu ita ce a ɗauke dukiyar mutum a ɓoye daga inda ya adana ta, ya wayi gari babu ita. Wanda ya kwafi littafinka bai raba ka da shi ba. Naka yana hannunka, ko shafi ɗaya bai ragu ba. Malaman Hanafiyya na farko ma ba su lissafa abin da ba a iya riƙewa a ajiye cikin dukiya ba. A kan irin wannan fahimta ne babban muftin Pakistan, Muhammad Shafi, wanda ya rasu a 1976, ya tafi a kan cewa wanda ya sayi littafi ya mallake shi ɗungurungum, babu mai hana shi sake bugawa. A mazhabarmu ta Malikiyya ma akwai abin kamawa. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, da yake rarrabe haƙƙoƙin da magada ke gada da waɗanda ba sa gada a littafinsa Furuƙ, ya sa ra'ayoyin mutum da ijtihadinsa cikin abin da ba a gado, domin daga hankalinsa suka fito, shi kuwa hankali ba a raba shi a gado. Sannan ga gargaɗi mai tsanani da ya zo a Alƙur'ani da hadisi a kan ɓoye ilimi. Duk wanda ya tashi a gidan karatu da wannan tsoron ya tashi, ni ma haka.

Sai dai mafi yawan malamai, har da namu na Malikiyya, sun ɗauki amfanin abu a matsayin dukiya, ba sai jikin abin kaɗai ba. Imam Malik bai ga laifi ga malami ya karɓi ladan koyar da Alƙur'ani ba, kuma kuɗin Laraba da muka riƙa kaiwa makarantar allo babu wanda ya kira shi sayar da ayoyin Allah. Kuɗin lokacin malam ne da wahalarsa. A watan Disamba na 1988, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yi zamanta na biyar a Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne na mai shi, ya sami daraja ta dukiya a al'adar mutanen zamani, shari'a tana kare shi, kuma bai halatta a yi masa ta'adi ba. Cikin manyan malaman da suka karkata ga wannan har da Taƙi Usmani, ɗan shi Mufti Shafi. Uba da ɗa, kowa da inda dalili ya kai shi.

Abin da ya warware mini wannan saɓani tunani ne a kan sana'ar mahaifina. Me ya sa shi ba mai cin haƙƙi ba ne? Domin masu littattafan sun ba da izini ko da ba su furta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun yi rubuce-rubucensu ne don su yaɗu. Nana Asma'u ta tsara waƙoƙinta, jajoji suka haddace suka kai wa mata 'yan taru a ƙauyuka. Wanda ya kwafi irin wannan aiki burin mai shi ya cika masa. Ban da haka, mawallafin wancan zamani bai rataya cin abincinsa a kan sayar da kwafi ba, domin tsadar duk tana wurin takarda da tawada da hannun marubuci. Kuɗin hannunsa mahaifina yake karɓa, ba kuɗin ilimin Ahalari ba.

Amma akwai abin da magabata suka tsare da kishi, wato suna da amanar lafazi. Shi ya sa aka yi ijaza, ɗalibi ya ambaci wanda ya karantar da shi, shi ma ya ambaci nasa malamin, har a dangana da mai littafin. Imam Suyuɗi, wanda kowane ɗalibi a ƙasar Hausa ya san shi ta tafsirin Jalalaini, risala guda ya rubuta a kan bambancin mawallafi da ɓarawo, saboda wani ya kwashi aikinsa bai ambace shi ba. Goge sunan mutum daga aikinsa, ko sa masa abin da bai faɗa ba, wannan babu mazhabar da ta taɓa sassauta shi.

Fim ba haka ya taso ba. Tun daga Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa kasuwanci ne. Mutum ya sayar da fili ko ya ci bashi, ya yi hayar kyamara, ya biya 'yan wasa da mai tace hoto da mai dafa wa ma'aikata abinci, da sa ran kuɗin zai dawo ta sayar da kaset, daga baya faifai, a Ƙofar Wambai da sauran kasuwanni. Ka ga al'amarin ya juye. A zamanin mahaifina kowane kwafi sai an yi masa gumi. Yanzu gumin duka yana cikin na farko, na biyu da na dubu kuwa kusan kyauta ne.

A bakin titinmu akwai yaro mai tura fim. Tebur ne da lema, da tsohuwar kwamfuta, da sifika tana ta kiɗa, igiyoyin caji iri-iri sun harɗe da juna. Mutum ya miƙa waya, ko sunan fim ba ya faɗa, sai dai ya ce, "Zuba min sababbi." Yaron ya karɓi ɗan abin da ya karɓa, mai waya ya koma unguwa ya tura wa abokansa ta Xender, su ma su tura wa wasu. Kowa a wannan layi ya sami wani abu ban da wanda ya sayar da filinsa. A kan idonmu kasuwar faifai ta mutu, masu shirya finafinai suka koma YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24. Ba tura fim kaɗai ya kashe ta ba, zamani ma ya canza, amma duk wanda ya ce ba ruwan turawa a ciki bai yi adalci ba. Ina tausayin yaron nan, domin sana'a ya nema maimakon zaman banza, kuma da za a yi tsarin da zai riƙa sayen izini a farashin da yake iyawa, da na fi kowa murna. Tausayina dai ba ya mayar da kayan wani nasa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne na mata marubuta. Akwai wata baiwar Allah da takan kawo mini aikin gyaran rubutu. Da babban yatsa take rubuta labarinta a waya, da dare bayan yara sun yi barci, babi-babi. Takan saki farkon labarin kyauta, in ya kama mutane sai ta buɗe zauren WhatsApp na waɗanda suka biya. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma da shi take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta. Kafin gari ya waye, babin da ta saki da dare ya bazu a zaurukan kyauta, wani lokaci ma an goge sunanta. A saman kowane babi takan rubuta cewa littafin na kuɗi ne, wanda ya fitar mata da shi ba ta yafe ba. Na ji masu yi wa irin wannan gargaɗi dariya, wai marubuta sun cika Allah-ya-isa. Ni ba ya ba ni dariya ko kaɗan. Mace ce da ba ta da lauya, ba ta san ƙofar hukumar kare haƙƙin mallaka ba, ta kai ƙararta inda ta tabbata za a saurare ta. Kuma ta fi masu dariyar kusa da fiƙihu. Wanda ya shiga zaurenta a kan sharaɗi ya shiga, Musulmi kuwa ana kama shi da sharaɗin da ya amince da shi. Ko da mun bi masu cewa labari ba dukiya ba ne, alkawarin da aka ɗauka fa, ina za a kai shi?

Wanda ya fitar da babin, sau da yawa ba kuɗi yake nema ba. Gani yake alheri ya yi, 'yan zaure su yi ta sa masa albarka, ya kwanta yana jin ya taimaki marasa hali. A nan ne nake ganin an fi ruɗuwa. Son raba abu mai kyau da 'yan'uwa hali ne nagari, ba na fatan doka ko fatawa ta kashe shi a zukatan mutane. Amma sadaka sai da abin da mutum ya mallaka, dukiyar ɗan'uwanka kuma ba ta halatta gare ka sai da daɗin ransa. Albarkar da aka sa masa, marubuciyar ce ta biya kuɗinta da barcinta.

Wanda ya nuna yadda za a raya halin rabawa ba tare da taɓa kayan kowa ba, ba Musulmi ba ne, ba ma mai addini ba ne. Richard Stallman yana aiki a wani ɗakin binciken kwamfuta na jami'ar MIT a Amurka, wajen 1980, aka kawo musu sabon injin buga takarda mai yawan cije takarda. Duk mai irin sana'ata ya san wannan ciwon kai. Ya nemi asalin rubutun manhajar injin don ya gyara ta, ta riƙa sanar da mutane in takarda ta maƙale, aka hana shi, domin wanda ke riƙe da rubutun ya sa hannu cewa ba zai nuna wa kowa ba. Stallman ya ɗauki wannan a matsayin zalunci, a sa mutum ya yi alkawarin ƙin taimakon maƙwabcinsa. Shi kansa ya fi ni zafi a wannan magana, don yana ganin dokar da ta hana mutane tura wa juna kwafi ita ce azzaluma, kuma a nan ban bi shi ba. Aikinsa nake kallo. Bai je ya kwashe manhajar kamfanin ya raba ba. A 1983 ya sanar da aikin GNU, shi da masu ra'ayinsa suka zauna rubuta nasu manhajojin daga tushe, a 1989 kuma ya fitar da lasisin da ake kira GPL.

Tsarin lasisin kuwa shi ne, mai manhaja yana riƙe da haƙƙin mallakarsa, da ƙarfin wannan haƙƙin ne ma yake cewa kowa ya yi amfani da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya raba. Sharaɗin da ya gindaya shi ne duk wanda zai raba ta, ko da ya ƙara mata nasa aikin, dole ya raba ta a kan wannan ƙa'idar, tare da asalin rubutun, kada ya rufe wa na bayansa ƙofar da ya tarar a buɗe. Wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara manhajar Linux a 1991, ya sa ta ƙarƙashin wannan lasisi a 1992. Yau ita ce a can cikin kowace wayar Android, har da waɗanda ake miƙa wa yaron bakin titinmu. Daga baya, a 2001, aka kafa Creative Commons don a yi wa rubutu da hoto da sauti irin wannan tsari, kuma da ɗaya daga lasisinta Wikipedia ke aiki, har da ta Hausa: ka ɗauka ka yi amfani, ka ambaci masu aikin, abin da ka gina a kai ka sake shi kamar yadda ka same shi.

Da aka bayyana mini wannan, wakafi ne ya faɗo mini a rai. Sayyidina Umar ya sami gona mai daraja a Khaibar, ya shawarci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta, a kan ba za a sayar da ita ba, ba za a kyautar ba, ba za a gada ba. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi, shi ma ya riƙa ɗiba kamar kowa. Malamai kuma sun ce sharaɗin mai wakafi abin bi ne muddin bai saɓa wa shari'a ba. Ba ina cewa GPL wakafi ne a hukunce ba, wannan aikin malamai ne, kuma akwai bambanci, domin lasisin bai hana a sayar da kwafi ko a karɓi ladan gyara ba. Misalinsa ɗan garuwa ne da ke ɗiba a rijiyar wakafi: ya halatta ya karɓi kuɗin ɗaukar da ya yi zuwa ƙofar gidanka, amma ba shi da ikon zagaye rijiyar da katanga ya sa kwado. Abin da ya kamata masu turawa su tsaya a kai shi ne, Madina tana cikin buƙatar ruwa, mai rijiyar kuma sayarwa yake yi, amma ba a ce jama'a su je su ɗiba da ƙarfi ba. An nemi wanda zai saya. Sai da Usman ya biya ta zama tasa, sannan ya bayar.

Wannan ba ya nufin masu haƙƙi sun kuɓuta daga tambaya. Dokar farko ta haƙƙin mawallafi, wadda aka yi a Birtaniya a 1710, shekara 14 ta ba shi, in yana raye a ƙara masa wata 14, daga nan littafi ya zama na kowa. Dokar Najeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta ba marubuci tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan mutuwarsa. Malamin da ya rasu bana, littafinsa ba zai zama na jama'a ba sai ƙarnin nan ya kusa ƙarewa. Wannan ya yi tsawo ƙwarai, kuma a nan maganar Ƙarafi tana da nauyi a wurina. Ladan wahalar mutum daban, mayar da ilimi gadon tattaɓa-kunne daban. Babu kuma mai fasahar da ya fara daga babu. Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo labaran Magana Jari Ce daga Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turawa, ya sarrafa su har Bahaushe ba ya jin baƙi ne, kuma ba mu da littafin da ya fi shi. Su ma masu finafinanmu da ke kukan satar fasaha, da yawa daga cikinsu sun ɗauko labari da karin waƙa daga finafinan Indiya ba tare da ko ambato ba. Wanda ke son a cika masa mudu, shi ma ya cika wa wasu.

A shagona ga inda na tsaya. Ɗalibi ya zo da babi ɗaya daga littafin likitanci na ƙasar waje, wanda kuɗinsa ya fi albashin ubansa na wata, nakan yi masa; dokar ƙasa ma ta bar sarari ga karatu da bincike, larura kuma gwargwadonta ake ɗauka. Littafin da ya ɓace a kasuwa, an nema an rasa, nakan kwafa, amma da bangonsa da sunan mai shi. Littafin marubucin da ke raye, ga shi ana sayarwa a kantin littattafai na ƙasan layi da kuɗin da bai fi na kwafin da yawa ba, ba na yi, sai in nuna wa mutum kantin. Wanda ke son kwafi masu yawa don ya sayar, ba na yi. Wanda kuma ya kawo kundin digirin wani ya ce in cire sunan in sa nasa, wannan ko gardama ba na tsayawa yi da shi. Wasu sukan yi fushi su wuce wani shagon, ana kuwa yi musu a can, ni in rasa cinikin. Tsakanin waɗannan akwai wuraren da nakan tsaya ina juya littafi a hannu kafin in yanke, kuma ba kullum zuciyata ke natsuwa ba.

Roƙona na ƙarshe ga malamanmu ne da marubutanmu, musamman masu littattafan addini da masu tafsiri da wa'azi. Karatunsu ya cika memori da wayoyi, a tasha da kasuwa da cikin gidaje, kuma na tabbata mafi yawansu haka suke so. Amma ba su faɗa ba. Shirun nan yana barin mai tsoron Allah cikin shakka, yana kuma sakar wa maras tsoro hanya, ya sake buga littafi cike da kurakurai, ko ya datse wa'azi ya fitar da rabin magana ya jingina wa malam. Wasu mawallafan ƙasashen Larabawa kan rubuta a shafin farko cewa kowane Musulmi yana da izinin bugawa, wannan mataki ne mai kyau, sai dai yana buƙatar sharaɗi. Wanda ke son aikinsa ya zama sadaka mai gudana ya rubuta da hannunsa cewa ya bar wa kowa ya kwafa ya raba, kada a cire sunansa, kada a canza lafazinsa a jingina masa, wanda ya fassara ko ya yi sharhi ya bayyana aikinsa ne kuma ya sake shi a kan wannan ƙa'idar, ya kuma faɗi ko ya yarda a sayar ko bai yarda ba. Wanda kuma da aikin yake ciyar da iyalinsa ya faɗa ba tare da jin kunya ba, ya sa farashin da talaka zai iya, ya nuna inda ake biya. A sa shaidu, a ba magada kwafin takardar tun mai littafi yana da rai, domin in ya rasu bai faɗa ba, dokar ƙasa za ta riƙe littafin a hannun magada shekara 70, ko da niyyarsa tun farko sadaka ce.